Me ya sa kuɗin matan tanis yake tsone wa maza ido?

Ranar Asabar 12 ga Yulin 2025, bayan la'asar, ina zaune a falo a gidanmu na Garwa ina kallon karawar ƙarshe ta mata a gasar Wimbledon. Wuta ta yi mana adalci ba ta ɗauke ba. Ƙanin maigidana ya shigo, ya ce bari ya zauna ya taya ni. Bai gama daidaita zama ba Iga Swiatek 'yar ƙasar Poland ta gama da Amanda Anisimova ta Amurka, 6-0 da 6-0, cikin minti 57.

Da ya ji ladan da za a ba ta, fam miliyan uku, wato sama da sefa biliyan biyu, kuma daidai da abin da zakaran maza zai karɓa washegari, sai ya dafe kai.

“Matar Yaya, ki ji tsoron Allah,” in ji shi. “Abin da bai kai awa ɗaya ba? Namiji ya yi awa huɗu ko biyar yana zufa, a zo a ba su kuɗi ɗaya? Wannan ai cutar maza aka yi.”

Akwai wasa tsakanina da shi, don haka dariya na yi. Amma da na ci gaba da jin maganar nan a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa, na kuma gan ta a Facebook daga bakin mutanen da nake ganin girmansu, sai ta daina ba ni dariya.

Ga inda na tsaya. Daidai ne a ba zakarar mata abin da aka ba zakaran maza. Kuma a ganina rigimar kuɗin ma ba ita ce babba ba yanzu. Babbar ita ce wa ake nunawa, da ƙarfe nawa, a wane fili. A nan ne har yau ake yi wa matan riƙon sakainar kashi, kuma mu masu kallo daga nan arewacin Kamaru abin yana shafar mu kai tsaye.

Ga wanda bai saba da wasan ba: manyan gasanni huɗu ne a shekara. Na Ostireliya a Melbourne a watan Janairu, Roland Garros a Paris kan jar ƙasa a ƙarshen Mayu, Wimbledon a Landan kan ciyawa, sai na Amurka a New York. A kowanne, mata 128 ne ke shiga gasar ɗaya-da-ɗaya, kuma sai mace ta ci karawa bakwai a jere kafin ta ɗaga kofi. Maza ma 128 ne, karawa bakwai. Kowace karawa kashi-kashi ake buga ta, kowane kashi shi ne zubi. Bambancin kawai, mace tana bukatar cin zubi biyu cikin uku, namiji kuma uku cikin biyar.

Awa ake saye?

Wannan bambancin zubi shi ne sandar da kowa ke ɗauka, don haka mu fara da shi.

Tun yaushe aka fara biyan ɗan wasa da agogo? Ɗanmu Francis Ngannou, ɗan damben nan, ya taɓa kwantar da Jairzinho Rozenstruik cikin daƙiƙa 20 a shekarar 2020. Ban ji wani a Garwa ya ce a rage masa kuɗi tunda bai jima a fage ba. Tafi aka yi, aka yi ta tura hoton a waya. Usain Bolt ya yi gudun mita ɗari cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, kuma lambar zinarensa ba ta fi ta mai gudun dogon zango ƙanƙanta ba, ko da yake shi wancan sai ya shafe sama da awa biyu a kan titi.

A tsakanin mazan tanis ma haka abin yake. Wanda ya ci abokin karawarsa zubi uku a jere cikin awa ɗaya da rabi, da wanda ya sha da ƙyar bayan awa biyar, in zagaye ɗaya suka kai, kuɗi ɗaya za su karɓa. A 2008 Rafael Nadal ya yi wa Roger Federer 6-1, 6-3, 6-0 a karawar ƙarshe ta Roland Garros. Babu wanda ya ce a zaftare ladan Nadal, babu kuma wanda ya ce tanis ɗin maza ya lalace. Cewa aka yi Nadal gwani ne. Makonni shida kafin abin Swiatek, PSG ta zuba wa Inter ƙwallo biyar ba ko ɗaya a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, masu babura suka cika titunan gari da hon. To me ya sa in namiji ya yi wa ɗan'uwansa kaca-kaca sai a kira shi bajinta, in mace ce ta yi sai a ce wasan mata ba shi da armashi?

Ita kuma Anisimova da aka yi ta yi wa dariya, ba a cika wata biyu ba ta sake haɗuwa da Swiatek a New York ta doke ta, ta kai har karawar ƙarshe. Mummunar rana ce ta same ta a Landan, irin wadda kowane ɗan wasa yake gamuwa da ita.

Akwai kuma lokacin da reshe ke juyewa da mujiya. A Wimbledon ta 2005, Venus Williams da Lindsay Davenport sun kai ruwa rana har awa biyu da minti 45, zubin ƙarshe ya tashi 9-7. Karawar ƙarshe ta maza, Federer da Andy Roddick, ba ta kai awa biyu ba. Duk da haka Federer ya fi Venus kuɗi a shekarar. Masu lissafin agogo ba su ce uffan ba. A Melbourne a 2011, Francesca Schiavone da Svetlana Kuznetsova sun yi awa huɗu da minti 44 a karawa ɗaya.

Amma hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce wannan. Ban da a manyan gasannin nan huɗu, maza ma zubi uku suke bugawa, kamar mata. Ka ɗauki gasar birnin Rum: lokaci ɗaya, filaye ɗaya, zubi uku ga kowa. A 2022 Novak Djokovic ya ci ta maza, Swiatek ta ci ta mata, kuma abin da aka ba ta bai kai rabin nasa ba. In da gaske zubi biyar ne dalili, me ya hana a daidaita a inda babu zubi biyar? Ashe dai dalilin a wani wuri yake, zancen zubi fakewa ce da guzuma.

Ba na musun cewa zubi biyar yana da daɗinsa. Na kalli yadda Carlos Alcaraz ya farfaɗo daga bakin rami ya doke Jannik Sinner a Paris a 2025 bayan awa biyar da minti 29, kuma zubi uku ba zai taɓa ba da irin wannan ba. Shi ya sa ni da za a bi shawarata, da an mayar da karawar mata zubi biyar daga zagayen 'yan takwas zuwa sama. Ba sabon abu ba ne. Daga 1984 zuwa 1998, karawar ƙarshe ta gasar rufe shekara ta mata zubi biyar ce, kuma a 1990 Monica Seles da Gabriela Sabatini sun buga duka biyar ɗin, ba wadda ta faɗi sumammiya. Masu shirya gasa ne ba sa so, domin makonni biyu da filayen da suke da su ba za su ɗauki dogayen karawa na maza da na mata a lokaci ɗaya ba. Ba matan ne suka rubuta dokar ba, bai kamata a ɗora musu laifinta ba.

“Namiji na ɗari biyu zai cinye su”

Gaskiya ne, kuma an gwada. A 1998 wani Bajamushe, Karsten Braasch, wanda yake na 203 a duniya, ya buga zubi ɗaya-ɗaya da Serena Williams da yayarta Venus suna 'yan mata, ya ci su duka. To sai me? Ngannou zai iya ɗaga zakaran 'yan ƙaramin nauyi da hannu ɗaya, amma hakan bai cire wa wancan kambunsa ba. Kowa da ajinsa. Swiatek ba ta ce ta fi Sinner ƙarfi ba. Ta fi sauran mata 127 da suka shiga gasar, kuma a kan wannan aka biya ta.

Ba kyauta aka ba su ba

Wasu suna magana kamar wata rana ce Turawa suka farka da tausayi suka raba kuɗi biyu. A 1968, shekarar da aka fara ba da ladan kuɗi a Wimbledon, Rod Laver ya karɓi fam 2,000, Billie Jean King ta karɓi 750. A 1970 ita da wasu mata takwas suka ɓalle, suka sa hannu a kwantiragin dala ɗaya-ɗaya don kafa gasar kansu, alhali ana barazanar dakatar da su. A 1972 ta ci gasar Amurka aka ba ta dala 10,000, zakaran maza Ilie Nastase ya karɓi 25,000, ta ce in ba a gyara ba ba za ta dawo ba. A 1973 aka gyara, shekarar da suka kafa ƙungiyarsu ta WTA.

Sauran gasannin sun ja ƙafa. Ostireliya ta tabbatar da daidaito a 2001. Wimbledon ce ta fi taurin kai, sai 2007, bayan Venus Williams ta sa su a gaba da magana da rubutu har maganar ta kai majalisar Birtaniya. Shekaru 34 tsakanin New York da Landan. Kuma a 2006, shekarar ƙarshe ta bambanci, Federer ya karɓi fam 655,000, zakarar mata ta karɓi 625,000. Ratar ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba. Wa zai ce rashin kuɗi ne ya hana a cike ta? An bar ta ne don kowa ya san matsayinsa.

Ku riƙe sunan waccan zakarar ta 2006, Amélie Mauresmo 'yar Faransa.

“Ai ba masu kallo”

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma a nan nake son in daɗe. Ana cewa kasuwa ce: maza ne ke jawo 'yan kallo, su ke kawo kuɗin talabijin, don haka su ya kamata su fi samu.

Wani lokacin haka ne. Zamanin Federer da Nadal da Djokovic, tanis ɗin maza ya yi tashen da ba a taɓa gani ba. Amma ba kullum ba. Karawar ƙarshe ta gasar Amurka a 2023, da Coco Gauff ta doke Aryna Sabalenka, ta fi ta Djokovic da Daniil Medvedev 'yan kallo a talabijin ɗin Amurka. Zamanin Serena ma an sha ganin haka. In za a bi kasuwa da gaske, sai a riƙa canza lada kowace shekara bisa wanda ya cika fili, kuma na tabbata mazan da ba su da farin jini su za su fara ƙin yarda. A tsakaninsu ba a ba Alcaraz ladan zagaye fiye da wani ɗan wasan da ba wanda ya san sunansa.

Sai kuma tambayar da ba a son yi: su 'yan kallon, daga ina suke fitowa?

Tun 2021 Roland Garros ta ƙirƙiro karawar dare, guda ɗaya tak kowace rana a babban fili, wadda ake tallata ta a matsayin karawar da ta fi kowace. A 'yan shekarun nan ana fara ta ƙarfe takwas da kwata agogon Paris, wato bakwai da kwata a Garwa da Marwa da Njamena. Wannan shi ne lokacin da mutum ya dawo daga kasuwa ko ofis, an yi magariba, zafi ya sauka, gidajen kallo sun buɗe. A 2022 dare goma aka yi, mata suka samu ɗaya. A 2023 ma ɗaya, Sabalenka da Sloane Stephens. A 2024 babu ko ɗaya. A 2025 babu ko ɗaya. Swiatek da ta ci kofin nan sau huɗu, 2020 da 2022 da 2023 da 2024, haka aka riƙa sa ta da rana daga 2022 zuwa 2025.

To ina ake kai matan? Sau da yawa su ke buɗe babban fili da tsakar rana, lokacin da mutanen Paris masu tikiti masu tsada suke can suna cin abincin rana, kujeru wayam. A wurinmu hantsi ne, ni ina aji, maigidana yana shago. Kyamara ta haska kujerun da ba kowa, wani ya ɗauki hoton ya sa a intanet ya ce ga shi nan, ba mai son wasan mata.

Duk wadda ta taɓa kasa kaya a kasuwa ta san wannan. In kin tura atamfa ƙarƙashin tebur, kika baje shadda a gaba inda ido ke faɗawa, da yamma ba ki da bakin cewa atamfa ba ta da masu saye.

Shugabar gasar da ke tsara wannan jadawali tun 2022 ita ce Amélie Mauresmo. A shekararta ta farko ta ce wasan maza ya fi jan hankali a yanzu, aka yi mata ca, ta nemi afuwa. Daga baya hujjar ta koma cewa tunda karawa ɗaya ce da dare, ba za a so mutum ya sayi tikiti ya zo a gama cikin awa ɗaya ba. Wannan damuwa ce ta gaske, ban raina ta ba. Amma maganinta a fili yake, kuma New York da Melbourne sun daɗe suna yi: karawa biyu da dare, yawanci ɗaya ta mata ɗaya ta maza. Paris ce ta zaɓi karawa ɗaya, ta sayar wa kamfanin da ke nunawa a haka, sannan ta dawo tana cewa hannunta a ɗaure yake. Abin da ya fi ba ni takaici, macen da ta san ɗacin a ba ta ƙasa da namiji a kan kofi iri ɗaya, ita ce a kan kujerar.

Kuma a 2025 ɗin nan da aka hana mata dare, labarin da ya fi girgiza Faransa na mace ne. Loïs Boisson, wadda take ta 361 a duniya, da alfarma aka ba ta gurbi, ta kori Jessica Pegula da Mirra Andreeva ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, fili ya cika maƙil ana kiran sunanta. Ons Jabeur ta Tunisiya ta faɗa a lokacin cewa ba ta jin masu yanke wannan hukunci suna da 'ya'ya mata. Ni dai na san suna da su. Lissafin kuɗin bana ne ya rufe musu ido daga 'yan kallon baɗi.

Maganar tufafi

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wurinmu, in an gama da zancen zubi da kuɗi, inda ake komawa shi ne, “Malama, ke da kanki kike kallon matan nan da ɗan guntun siket?”

Ba zan yi ƙarya ba, shigar ba ta burge ni, kuma ba zan so 'yata ta yi ta ba. Wanda ya ce shi ba ya kallo saboda tsare idonsa, na girmama shi, ba ni da ja. Wanda ba na yarda da shi shi ne wanda zai yi min wannan wa'azi sannan ya wuce gidan kallo ya shafe awa biyu yana kallon maza 22 cinyoyi a waje, da takardar caca a aljihu. Malamanmu sun koyar da mu cewa al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, hukuncin caca kuwa ko yaron allo ya san shi. In tsoron Allah ne, to ya game duka. In kuwa bai tashi ba sai mace ta ɗaga kofi, sai mu nemo masa wani suna.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, guntun siket ba sharaɗin wasan ba ne. Al'ada ce da kamfanonin tufafi suka ɗaure wa gindi saboda talla. Tun 2019 dokar WTA ta fito fili ta yarda mace ta buga da dogon wando. Kuma ku ji abin mamaki: a 2018 Serena Williams ta zo Roland Garros da baƙar riga mai haɗe da wando har idon sawu, saboda matsalar daskarewar jini da ta kusa kashe ta bayan haihuwa. Shugaban hukumar tanis ta Faransa na lokacin, Bernard Giudicelli, ya ce ba za a sake yarda da irin wannan shiga ba. Kayan sun matse ta, na sani, ba irin suturarmu ba ce. Amma dai mace ta rufe ƙafafunta don lafiyarta, namiji ya ce ba ta mutunta wasa ba. Ashe a can ma ba a bar mace ta zaɓi abin da za ta sa ba.

Raket ba ya tambayar tsawon riga. 'Yan matanmu da ke buga ƙwallon hannu da ƙwallon raga a gasar wasannin makarantu ta ƙasa, wato FENASSCO, da dogon wando da ɗankwali suke yi, kuma suna ci.

Aure da haihuwa

Akwai iyayen da ke tsoron cewa guje-guje yana lalata jikin yarinya ko ya hana ta haihuwa. A kan wannan ba sai na yi dogon bayani ba. Serena ta ci gasar Ostireliya ta 2017, kofinta na 23, da ƙaramin ciki. Kim Clijsters ta Beljiyam ta haihu a 2008, ta dawo ta ci gasar Amurka a 2009, 'yarta tana wasa a fili ana miƙa kofi. Tatjana Maria ta Jamus da 'ya'ya biyu ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a Wimbledon ta 2022. A watan Maris na 2025 WTA ta fara biyan 'yan wasa hutun haihuwa har na wata 12, kuma asusun zuba jari na Saudiyya ne ya ɗauki nauyin, ƙasar da ta karɓi baƙuncin gasar rufe shekara ta mata a Riyad a 2024 da 2025.

Ba sai mun je nesa ba ma. Françoise Mbango ta ci wa Kamaru zinare a tsallen taku uku a Athens a 2004, ta haihu, ta koma Beijing a 2008 ta sake ci da tsallen mita 15.39. Zinaren Olamfik uku ƙasar nan take da su, biyu nata ne.

Mu kuma ina ruwanmu?

Wani abokin aikina ya ce min, “Hajiya, masu biliyoyi suna rigima a Paris, ke da albashinki ba ya kai ƙarshen wata me ya dame ki?” Tambaya ce mai kyau. Gauff ta karɓi Yuro miliyan 2.55 a Roland Garros ta 2025, kusan sefa biliyan ɗaya da miliyan 670. Ba ta bukatar tausayina.

Abin da ya dame ni shi ne abin da yaro yake gani. Duk yaron da ke buga ƙwallon tsumma a Yelwa ko Rumde Ajiya ya san Vincent Aboubakar daga garin nan ya fito, daga Coton Sport ya tafi Turai, don haka mafarkinsa yana da ƙafa. Yarinya fa, wa take gani? In talabijin ba ta nuna mace tana cin wani abu a lokacin da iyali ke zaune tare ba, kuma in an nuna ɗin kawunta ya ce kuɗin banza aka ba ta, ta riga ta koyi darasi ba tare da kowa ya buɗe littafi ba.

Ons Jabeur musulma ce, Balarabiya, 'yar Afirka. Mahaifiyarta ce ta fara kai ta fili tana 'yar shekara uku, kuma a filayen otal-otal na yankin Sousse ta koyi wasan. Ta kai ta biyu a duniya a 2022, ta buga karawar ƙarshe sau uku a manyan gasanni: Wimbledon 2022, wadda ta faɗo ranar Babbar Sallah a ƙasashe da dama, gasar Amurka a shekarar, da Wimbledon 2023. Ba ta ci ko ɗaya ba, kuma hawayenta na 2023 sun taɓa ni. A waɗannan shekarun mijinta ne mai kula da motsa jikinta, tare suka riƙa yawon duniya. A Kenya, Angella Okutoyi, wadda ta tashi a hannun kakarta, ta ci kofin 'yan mata na bibbiyu a Wimbledon ta 2022. Françoise Abanda, wadda iyayenta 'yan Kamaru ne, Kanada ta buga wa, domin a Montreal aka haife ta, can kuma akwai fili da mai koyarwa.

Mu 'yan Kamaru muna alfahari da Yannick Noah, wanda mahaifinsa ɗan ƙasar nan ne, namiji na ƙarshe da ya ci wa Faransa Roland Garros, a 1983. A Yawunde zakaran tanis ɗan Amurka Arthur Ashe ya gan shi a 1971 yana ɗan shekara 11, ya yi magana da Philippe Chatrier, jigo a hukumar tanis ta Faransa, aka kai yaron Faransa ya samu horo. Sunan Chatrier ɗin nan ne a kan babban filin da aka hana mata dare a 2024 da 2025. Kullum in na tuna labarin sai in ce, Ashe ya ga Noah ne saboda Noah yana fili a ranar. Da yarinya ce mai irin baiwarsa a Garwa ko Kusiri, a ina zai gan ta?

A makarantunmu motsa jiki darasi ne, har jarrabawarsa ake yi a BEPC da Bakaloriya. Amma duk shekara ina ganin 'yan mata lafiyayyu suna kawo takardar likita wai ba za su iya ba. Ba ciwo ke damun su ba. Kunya ce, da filin da ba katanga inda samari ke tsayawa a kan babura suna kallo, da malamin da namiji ne, da uban da ya ce ba da 'yarsa ba. Uban nan ba mugu ba ne, kuma abin da yake tsoro ba ƙarya ba ne. Mu ne ba mu ba shi wurin da hankalinsa zai kwanta ba.

Ba na mafarkin filin jar ƙasa a kowace unguwa, tanis wasa ne mai tsada, raket da takalmi da tafiye-tafiye sun fi ƙarfin yawancinmu. Abin da nake nema bai kai nan ba. Yammacin Laraba da ba a darasi, a ware wa 'yan mata tsakar makaranta mai katanga, da malama mace, kowacce ta zo da suturar da gidansu ya yarda da ita. A sami bango mai santsi a ja masa layi a tsayin santimita 91, tsayin ragar tanis ke nan a tsakiya, a nemo tsofaffin raket da ƙwallaye daga gwanjo. Mai son ƙwallon raga ta yi, mai son gudu ta yi.

Zan kai maganar taron iyaye da malamai na farkon shekara. Na san za a ce min azuzuwa ba benci, rufin wani ajin yana yoyo, kuma duk gaskiya ne. Amma a kasafin da ake karanta mana kowace shekara akwai layin wasanni, kuma rigunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta maza yake saya. Zan nemi a karanta wannan layin da ƙarfi, a gaya mana nawa ne a ciki ya taɓa zuwa wurin 'yan mata, tunda kuɗin da iyayensu ke biya daidai yake da na iyayen maza.